Wasan Bidiyo da Nauyin Alhaki

Yau shirin namu zai leƙa wani ɗaki da yawancin manya ke wucewa ta ƙofarsa ba su ko waiwaya ba, wato ɗakin wasan bidiyo, wanda yaranmu ke kira gem. A garuruwanmu idan aka ce gem, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne shagon da samari ke cika maƙil suna buga ƙwallo a talabijin ana ihu ana musu, ko kuwa yaron da ya duƙufa a kan waya har a yi ta kiran sunansa bai ji ba. To tambayar da muka ɗauko ita ce, shin wannan abu zai iya ɗaukar labari mai nauyi, irin wanda littafi ko fim ke ɗauka, labarin mutuwa da yaƙi da talauci da riƙon amana? Ni dai a ganina zai iya, kuma akwai abu guda da yake yi wa mutum wanda littafi da fim ba su da hanyar yi masa. Sai dai masu cewa a'a su ma suna da hujjarsu, kuma za mu ba ta haƙƙinta.

A gurguje, ga abin da hukumomi suka ce. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa wasannin bidiyo na da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki daidai da littattafai da fina-finai. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya karɓi wasanni 14 cikin kayansa, har da Pac-Man da Tetris. Amma kotu kan doka ta yi magana, gidan adanawa kuma ƙwarewar tsarawa ya duba, don haka duka biyun ba su amsa mana tambayarmu ba.

Wanda ya kai ga zuciyar maganar shi ne Roger Ebert, mai sharhin fina-finai na jaridar Chicago Sun-Times, mutum na farko da ya ci kyautar Pulitzer da sharhin fim a 1975. A 2005, ya kuma maimaita da ƙarfi a 2010, Ebert ya ce wasan bidiyo ba zai taɓa kai matsayin fasaha ba. Hujjarsa ba ta raini ba ce, ku saurare ta da kyau. Labari mai nauyi, a cewarsa, yana buƙatar marubucin da ke riƙe da linzami, wanda zai kai ka inda ya nufa ko kana so ko ba ka so. Idan aka miƙa wa mai wasa linzamin, ya zaɓi abin da zai faru, ya koma baya ya gyara idan ƙarshen bai yi masa daɗi ba, to masifar da ke cikin labarin ta rasa haƙoranta. Mutuwar da za a iya warwarewa da danna madanni ba za ta sa kowa kuka ba. Daga baya ya amince bai kamata ya yanke hukunci kan abin da bai zauna ya buga ba, amma bai janye ra'ayin ba, ya kuma rasu a 2013.

A wannan shekarar ta 2013 wani Ba'amurke mazaunin Japan mai suna Lucas Pope ya fitar da wani ɗan wasa da ya haɗa shi kaɗai, sunansa Papers, Please, wato a kawo takardu. A nan nake so mu ɗan daɗe. An ɗauke ka aikin jami'in shige da fice a kan iyakar wata ƙasa ta almara mai mulkin kama-karya, Arstotzka, a ƙarshen shekarar 1982. Kana zaune a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki, gabanka tebur, da littafin dokoki, da hatimi biyu, ɗaya na shiga ɗaya na komawa. Mutane na layi a waje. Kowa ya zo ya miƙo fasfo, kai kuma ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka duba ko sunan da ke fasfo ya yi daidai da na takardar izini. Ana biyan ka ne bisa yawan mutanen da ka sallama daidai kafin agogo ya buga lokacin tashi. Kuskure biyu na farko a rana gargaɗi ne, daga na uku sai a fara yankar albashi. Da yamma kuma allo ya nuna maka lissafin gida: kuɗin haya, abinci, ɗumama ɗaki, magani. Kana da mata da ɗa da suruka da kawu, kuma gefen sunan kowannensu ana rubuta halin da yake ciki, wannan yana jin yunwa, wancan sanyi ya kama shi, yaron ba shi da lafiya. Idan kuɗi bai kai ba, kai za ka zaɓi abin da za a haƙura da shi a daren nan.

To a ɗaya daga cikin kwanakin farko wani mutum ya zo, takardunsa cif. Ka buga masa hatimin shiga, yana fita ya roƙe ka cewa matarsa ce ke biye da shi, ka tausaya mata. Matar ta shigo, sai ga shi ba ta da takardar izinin shiga. Ta gaya maka idan aka mayar da ita ƙasarsu kashe ta za a yi. Babu kiɗan baƙin ciki, babu wanda ya yi maka nuni da abin da ya dace. Hatimi biyu ne a gabanka, agogo na tafiya, layi na jira, yaronka na gida. Idan ka riga ka ƙarar da gargaɗinka biyu na ranar saboda gaggawa, to shigar da matar nan kuɗin abincin iyalinka ne. Ku lura da inda nauyin ya faɗo, masu sauraro. Da a fim ne, za ka kalli jami'in ka tausaya masa ko ka tsine masa, kana zaune lafiya a kujerarka. A nan hannunka ne ya ja hatimin. Idan ka mayar da ita, babu wani jarumi da za ka ɗora wa laifi. Abin da ya fi tsoratarwa ma shi ne abin da ke biyo baya, domin dokoki na ƙaruwa kullum, takardu na cika tebur, har mutum ya wayi gari ya daina kallon fuskoki, lambobi kawai yake dubawa don ya yi sauri. Littattafai da yawa sun bayyana yadda mutumin kirki ke zama ɗan aiken zalunci saboda tsoron rasa abinci. Wannan wasa ya sa ka ji yadda abin ke shiga jiki a hankali, ka kuma kama kanka a ciki.

Abin da nake kira alhaki ke nan, kuma shi ne amsar da zan ba Ebert. Gaskiya ne mai wasa ke zaɓa, amma wa ya tsara abin da za a zaɓa? Pope ne ya yanke yawan albashi, shi ya sa haya ta hau, shi ya ƙayyade gargaɗi biyu, shi ya jera mijin kafin matar don ka riga ka yi masa alheri kafin a nemi na biyu. Kamar magini ne da ya tsara gida, kai ne ke yawo a ciki da ƙafarka, amma shi ya yanke inda zaure yake da inda ƙofa take. Wasan na da ƙarshe 20 daban-daban, duk da haka babu ko ɗaya da zai bar ka ka ceci kowa ka kuma ƙoshi. Marubucin bai saki linzami ba, a cikin dokokin wasan ya ɓoye shi.

Misali na biyu ya fi wannan taushi, kuma wanda ke da niyyar buga shi ya yi haƙuri, zan faɗi ƙarshensa. Brothers: A Tale of Two Sons, shi ma na 2013, aikin Josef Fares ne, mai shirya fim da aka haifa a Beirut ya girma a Suwidin. 'Yan'uwa biyu sun fita neman ruwan magani don mahaifinsu da ke kwance. Babu kalma ɗaya da za ka gane a ciki, yaren ƙirƙira suke yi. Dabarar ita ce, hannunka na hagu ke tafiyar da wa, na dama ke tafiyar da ƙane, a lokaci guda. Da farko yatsu na rikicewa, bayan ɗan lokaci sai su saba da aiki tare. Ƙanen yana tsoron ruwa, domin a idonsa mahaifiyarsu ta nutse, saboda haka duk inda aka zo kogi sai ya rataya a bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya mutu, kuma kai da kanka za ka ja gawar zuwa rami ka tura ƙasa. Daga nan hannunka na hagu ya zauna ba aiki. A hanyar komawa gida yaron ya iso bakin ruwa shi kaɗai, ka danna madanninsa ya ƙi shiga, ka sake dannawa ya ƙi. Ba zai yi iyo ba sai ka danna madannin wansa da ya mutu, wanda ka daina taɓawa. Wannan shi ne bayanin wasan kan yadda mamaci ke ci gaba da ƙarfafa na raye, kuma ba a faɗe shi da baki ko da hoto ba, a yatsa aka ajiye shi. Babu yadda za a yi fim ya kwaikwayi wannan, tunda mai kallon fim ba shi da hannun da zai yi maraici.

Yanzu ga hujja ta biyu ta masu shakka, kuma a nan ina tare da su fiye da rabi. Suna cewa misalan nan tsiraru ne, mafi yawan wasannin da ake kashe wa maƙudan kuɗi harbi ne da gudu, labari kuma an manna shi ne kawai. Haka ne. A 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu kan wannan cuta, inda labari ke faɗin abu guda, abin da hannu ke yi kuma yana faɗin wani. Misalin da aka fi bayarwa shi ne jerin Uncharted, inda ake nuna maka jarumi mai fara'a da barkwanci, sannan a miƙa maka bindiga ka hallaka ɗaruruwan mutane da shi, ya kuma dawo yana wasa da dariya kamar ba a yi komai ba. Ko The Last of Us, da ake yabo ƙwarai kuma ya cancanci yabo, mafi yawan labarinsa na cikin gutsattsarin fim ne da ake nunawa tsakanin faɗa da faɗa, shi ya sa tashar HBO ta iya mayar da shi fim mai dogon zango a 2023 ya kuma karɓu. Wannan na nuna labarin na da kyau, amma bai nuna cewa sai ta wasa za a iya ba da shi ba. Sai dai yawan marasa kyau bai taɓa zama hukunci kan wata fasaha ba. Idan za a auna fim da mafi yawan abin da ake fitarwa a shekara, shi ma ba zai tsira ba. Da mafi kyawunta ake auna fasaha, kuma mafi kyawun wasanni su ne waɗanda suka daina kwaikwayon fim.

Akwai kuma masu jin cewa mayar da masifar mutane abin wasa rashin mutunci ne. Wannan damuwa ce ta masu imani, ba zan yi wasa da ita ba. Amma a duba This War of Mine, wanda wani kamfani na birnin Warsaw ya fitar a 2014, bisa darasin ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba, farar hula ne 'yan ƙalilan a wani rusasshen gida, da rana ku ɓuya, da dare ɗayanku ya fita neman abinci da magani. Akwai wani gida da tsoho da matarsa ke zaune, ba su da makami, suna da abinci da magunguna. Idan ka shiga ka fara kwasa, tsohon ba zai iya hana ka ba, sai dai ya riƙa bin ka ɗaki zuwa ɗaki yana roƙo. Ka dawo gida da kaya, mutanenka su ci, amma baƙin ciki ya lulluɓe su, wani ma har ya kasa aiki. Wasan da ya raina wahalar mutane ba zai tsara abu haka ba. A 2020 gwamnatin Poland ta sanar da sanya shi cikin jerin abubuwan da ɗaliban sakandare za su iya zaɓa su nazarta tare da littattafai.

Lokaci na hararar mu, masu sauraro, saura abubuwa biyu a taƙaice. Na farko, maganar jarabar wasan bidiyo gaskiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin lalura a 2019, kuma akwai wasannin da aka gina musamman don su cinye lokaci da kuɗin mutum. Iyayen da ke damuwa da hakan suna da dalili, sai dai waɗancan wasanni daban ne da waɗanda muka zanta a kai, Brothers ma cikin sa'o'i uku ko huɗu ake gama shi. Na biyu shi ne tsada da wahalar shiga. Littafi karatu kawai yake nema, wasa kuwa sai da na'ura da wutar lantarki da yatsun da suka saba, kuma wannan na rufe wa jama'a da yawa ƙofa. Na so mu taɓo Never Alone na 2014, wanda al'ummar Inupiat ta Alaska ta haɗa hannu da masu tsara wasa aka gina shi kan tatsuniyarsu, ana ba da labarin da harshensu, da kuma Aurion da wani kamfani na Yawunde a Kamaru ya fitar a 2016, amma sai a wani shirin.