La'ada Daban, Ƙari Daban: Yadda Kuɗin Mota Ke Hawa a Suleja

A hutun ƙarshen zango na shekarar 2024 na raka kawuna wani wurin sayar da motoci a Suleja, a bakin titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja. Ya daɗe yana tanadi don ya mallaki jif ƙirar Toyota Prado, ta hannu. Ranar Litinin aka yi masa kuɗi, ya taya, aka ce albarka. Da muka koma ranar Alhamis, motar tana nan inda muka bar ta, ko ƙurarta ba a kakkaɓe ba, amma kuɗinta ya hau da naira miliyan uku.

Kawu ya ce, "Haba Alhaji, kwana uku kacal fa!"

Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, wani mutumin Abuja ya gani ya yaba. Kuma ka san dala ba ta kwana wuri ɗaya."

Wannan amsa ce ta sa ni bin diddigin al'amarin, don mu gane ina ƙarin yake fitowa, kuma da wane suna Bahaushe yake kiran sa.

A ƙasashen da ake ƙera motoci, kamfani kan sanar da farashin sabuwar mota. A Amurka ma tun 1958 doka ta wajabta a liƙa shi a gilashinta. Sai dai wannan farashi shawara ce kawai, domin mai shagon ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa. A 2021 da 2022, bayan annobar Korona, an yi ƙarancin 'yan mitsitsin na'urorin lantarki da ke aiki kamar ƙwaƙwalwar mota, sai motoci suka yi wuya, masu shaguna suka shiga tsawwala wa jama'a. Abin ya kai kamfanonin Ford da General Motors suka gargaɗi masu sayar da motocinsu a farkon 2022. Ita kuwa Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, Toyota da kanta ta ce mai saye a Japan zai iya jiran shekara huɗu. Wanda ba zai iya jira ba, sai ya biya kuɗin gaggawarsa.

Mu ma mun taɓa ganin irin haka. A 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa motoci cikin jerin kayan da gwamnati ke yanke wa kuɗi. Dattawa kan ba da labarin yadda mai hanya yake samun motar a farashin gwamnati, ya juya ya sayar wa marar hanya da riba.

To a Suleja fa? A nan akasarin manyan motocin tokumbo ne, wato waɗanda aka hau a waje aka kawo, don haka babu wata takardar kamfani da mai saye zai riƙe ya yi gardama da ita. Farashi yana bakin mai faɗa. Ga kuma maƙwabtaka. Garin nan shi ne ya bar wa birnin tarayya sunansa na Abuja bayan an ƙirƙiro shi a 1976, kuma tun da gwamnati ta tare a 1991, aljihun mutumin Abuja ne ma'aunin kasuwar. In ya so abu, ɗan gari sai ya ja da baya.

Zancen dala gaskiya ne, kada mu zalunci dillali. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Mai mota ba abin da ya kashe jiya yake dubawa ba, abin da zai kashe gobe ya sayo wata, ya biya jirgin ruwa da kwastan, shi ne a ransa.

Amma ɗan'uwa ɗalibi, a nan ne harshe yake da abin cewa. Bahaushe yana da kalmar "la'ada", wato ladan dillali wanda kowa ya san da shi, ake bayarwa bayan an sallama. Babu mai jin kunyar karɓar ta. Akwai "kamasho", wadda muka aro daga Turanci, ita ma sananniya ce. Abin da ba a son a ambata a fili shi ne wanda ake cewa dillali "ya ɗora nasa a kai". Mai mota ya faɗi kuɗinsa, dillalin farko ya ɗora, na biyu da ya kawo mai saye shi ma ya ɗora, sannan duka su zo su nemi la'ada. Ka lura da kalmar "ɗora": kaya ake ɗora wa mutum, ya ɗauka ko yana so ko ba ya so. Shi kuwa wancan "mutumin Abuja", in har babu shi, ko kuma an sa shi ne ya taya don kuɗi ya hau, malaman fiƙihu suna kiran irin wannan "najashi", kuma shari'a ta hana. A ganina ƙarin da dala ta jawo ana iya zama a lissafa shi da alƙalami. Na ɗorawar nan kuwa ba ya son a zauna.

Kawu ya fi ni sanin kasuwa. Bai yi musu kan dala ba, cewa ya yi, "Alhaji, haɗa ni da mai ita, mu yi magana baki da baki, la'adarka tana nan." Dillalin ya ce mai ita ya yi tafiya. Kawu ya nemi lambar wayarsa, aka ce ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Muka yi sallama. Bayan mako biyu ya sayi wata wadda ta girme ta da shekara biyu, a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, ya kuma biya yaron da ya haɗa su la'adarsa a gaban shaidu.