An Gano Mota, Saura Tabbatar da Asalinta

A Dutsen Alhaji, cikin yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya, wanda 'yan sanda suka gano masa motarsa da aka sace yakan ɗauka wahala ta ƙare. Ina! Ɓarayi ba su cika barin mota yadda suka same ta ba. Sukan cire lamba, su sauya fenti, wani lokaci har su kankare lambar shasi su buga wata.

To, a nan gizo ke saƙar. Kafin ofishin VIO da ke Mabushi ya sake yi mata rajista, sai mai ita ya nuna cewa lalle ita ce, watau ya kawo takardar kwastan da shaidar mallaka da rahoton 'yan sanda. Abin takaici, da yawanmu a cikin motar muke ajiye takardun, su tafi tare da ɓarawo, sai a koma neman takardar rantsuwa a kotu.

Shekarar mota kuwa ba a jin ta daga bakin dillali. Tun 1981 lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma shi ke nuna shekara: 5 na nufin 2005, A kuma 2010 ko 1980. Ba a sa haruffan I da O da Q. Wanda ya ga ɗayansu a shasin motar da aka miƙo masa, kada ya sa hannu a takardar karɓa sai jami'ai sun sake bincike.