Tsaunukan Alps: Filin wasan Turawa, tarkon baƙin haure

A duk lokacin hunturu dubban Turawa kan ɗaura wani irin faffaɗan takalmi su hau tsaunukan Alps domin shaƙatawa. A kan waɗannan tsaunuka ne kuma matasa daga Afirka ta Yamma ke rasa yatsunsu, wasu ma rayukansu, a ƙoƙarin tsallakawa daga Italiya zuwa Faransa.

Ga mutumin garin Lolo da ke ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, ƙetare iyakar ƙasa ba aiki ne mai gajiyar da jiki ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Babur kan kai mutum Madekali ta Jamhuriyar Benin, kwale-kwale kuma kan bi kogin Neja zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a cikin randa.

Iyakar Italiya da Faransa kuwa ta bi ta kan doron tsaunuka ne. Mashigar Montgenèvre na da tsayin kimanin mita 1,850 daga gaɓar teku, ta Col de l'Échelle kuma mita 1,762. Yawanci duk hawan mita 1,000 kan rage zafin iska da kusan digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka wanda ya baro gindin tsauni da riga guda zai iske wani yanayi dabam a samansa.

Yadda takalmin ke aiki

Dusar ƙanƙarar da ta zuba ba da jimawa ba ba ta da tauri. Mai takalmin yau da kullum kan nutse a cikinta zuwa gwiwa, wani lokaci har ƙugu, kamar wanda ya shiga laka a fadamar shinkafa. Kowane taku sai ya ciro ƙafarsa da ƙarfi, kuma cikin ɗan lokaci zai galabaita.

Maganin wannan matsala shi ne takalmin dusar ƙanƙara. Wani faffaɗan abu ne mai kama da faifai ko rariya da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, wanda ke baza nauyin mutum a kan fili mai faɗi ta yadda ba zai nutse sosai ba. Hikimar ɗaya ce da ta tafin raƙumi a kan rairayi.

An shafe dubban shekaru ana amfani da shi. 'Yan asalin arewacin nahiyar Amurka sun ƙware wajen lanƙwasa itace su saƙa tsakiyarsa da igiyar fata, kuma daga wurinsu ne Faransawa masu fataucin fatu a Kanada suka koya. Daga shekarun 1970 aka fara ƙera shi da ƙarfen alminiyom, daga baya kuma da roba, tare da haƙoran ƙarfe a ƙarƙashi domin hana santsi.

Sai dai takalmin na da iyakarsa. Idan hanya ta yi tsayi ta kai ga doron tsauni, inda duwatsu suka fito kuma rami ke hagu da dama, faɗin nan nasa kan zama cikas. A nan mahayan kan cire shi su ɗaura wasu ƙarafa masu tsini, su riƙe ɗan gatarin ƙanƙara, su ci gaba da hawa da hannu da ƙafa. Ƙa'idar ita ce a gwada kowane dutse kafin a dogara da shi, kuma kada a ɗaga ƙafa sai hannu ya sami mariƙa.

Haɗurra

Babban haɗari a doron tsauni shi ne leɓen ƙanƙara. Iska kan tara dusar a gefe guda har ta zarce bakin dutse, ta yi rumfa a kan rami. Daga sama tana kama da ƙasa mai ƙarfi, alhali ba komai a ƙarƙashinta, tamkar gaɓar kogin da ruwa ya cinye gindinta.

Na biyu shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Sau da yawa nauyin mutumin da kansa ne ke tayar da ita. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu, amma bayan haka damar tsira kan ragu ƙwarai saboda rashin iska. Kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a ɗaukacin tsaunukan Alps, kuma da yawansu masu cikakkun kayan aiki ne.

Na uku shi ne sanyin kansa. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, mutum kan kama karkarwa, tunaninsa ya rikice, sa'an nan barci ya rinjaye shi. Wanda ya kwanta a wannan hali da wuya ya tashi. Bugu da ƙari jiki kan janye jini daga yatsu domin kare zuciya, abin da ke sa naman yatsun ya daskare ya mutu, har ta kai ga yankewa. Jiƙaƙƙen takalmi da wando na hanzarta wannan.

Masu hawa ba don nishaɗi ba

A watan Nuwamban 2015 Faransa ta maido da bincike a kan iyakokinta. Da aka tsananta tsaro a hanyar bakin teku ta Ventimiglia, sai baƙin haure suka karkata arewa zuwa tsaunuka. Daga shekarar 2017 dubbansu sun bi ta garuruwan Bardonecchia da Claviere na Italiya da nufin isa Briançon ta Faransa. A farkon lamarin akasarinsu 'yan Gini ne da Kodebuwa da Mali, waɗanda suka riga suka ratsa hamadar Sahara da tekun Bahar Rum.

Tsakanin Claviere da Briançon bai kai kilomita 20 a kan titi ba. Amma mai gudun 'yan sanda ba ya bin titi. Yakan tashi da dare, ya kauce wa hanyar da aka sani, sanye da takalmin ƙwallo, ba jagora ba taswira. Duk abin da masana hawan tsauni ke gargaɗi a kai, shi ne abin da tilas ke sa shi aikatawa.

A watan Mayun 2018 an tsinci gawar wata matashiya 'yar Najeriya a kogin Durance kusa da Briançon. A watan Fabrairun 2019 kuma sanyi ya hallaka wani matashi ɗan ƙasar Togo a gefen hanyar da ta gangaro daga Montgenèvre. Akwai waɗanda ba a ga gawarsu ba sai bayan da ƙanƙara ta narke.

Wannan ne ya sa wasu mazauna yankin, ciki har da masu sana'ar yi wa mahaya jagora, suka riƙa fita sintiri da dare ɗauke da shayi mai zafi da barguna da busassun tufafi. A shekarar 2017 aka buɗe wani masauki mai suna Refuges Solidaires a Briançon, daga baya kuma ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde ta shiga aikin sintirin. An gurfanar da wasu daga cikin masu agajin a gaban kotu bisa zargin taimaka wa baƙi shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba.

Masu hawa domin nishaɗi kan duba hasashen yanayi kafin su fita, kuma idan sama ta ɓaci sai su juya gida. Baƙon haure ba shi da wannan zaɓi, domin yana ganin ya riga ya ci rabin tafiya. Daga saman tsauni yakan hangi fitilun gari a ƙasa kamar ya miƙa hannu ya taɓa, amma kamar yadda Hausawa ke cewa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.