Karkason: Zaga Tsohon Birnin Turai Tare da Jagora

A kudancin Faransa, tsakanin birnin Tulus da gaɓar Bahar Rum, akwai wani tudu da ke kallon kogin Aude. A kansa tsohon birnin Karkason yake zaune. Ganuwa biyu ce ta kewaye shi, ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu a haɗe ya kai kilomita 3, da hasumiyoyi 52. A ciki akwai fada, da tsohuwar coci, da lunguna da aka shimfiɗe da dutse, kuma har yau akwai masu kwana a cikinsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1997. Yana cikin garuruwan da suka fi nuna yadda Turai take a lokacin da masana ke kira tsakiyar zamani, wato daga ƙarni na 5 zuwa na 15.

Shiga birnin kyauta ne. Fada da hawa kan ganuwa ne ake biya wa kuɗi. Saboda haka baƙi da yawa sukan shiga, su ɗau hoto, su ci abinci, su fita, a zatonsu sarki ɗaya ne ya gina duk abin da suka gani. Wanda ya ɗauki jagora nasa na kansa, ba na ayari mai mutum arba'in ba, yakan fito da wani labarin daban. A Faransa jagorancin baƙi sana'a ce da ake yi wa karatu, kuma gwamnati na ba da katin shaida ga masu yinta a gidajen tarihi da gine-ginen ƙasa. Amfanin irin wannan jagora shi ne kana iya tsayar da shi a gaban bango ka tambaye shi, ya ba ka amsa ba tare da yana duba agogo ba.

Jagoran da ya san aikinsa yakan fara ne daga filin da ke tsakanin ganuwar biyu. A ɓangaren arewa zai nuna maka hasumiyoyin da aka yi da ƙananan duwatsu, an ratsa su da layukan jan bulo. Wannan aikin Rumawa ne, na wajen ƙarni na 4. Sai ya ce ka sunkuyar da ido zuwa gindin bangon, inda duwatsun suka fi girma. Kowa zai ɗauka na ƙasa ne ya fi tsufa, tunda daga tushe ake fara gini, amma a nan abin ya juye. A ƙarni na 13, da maginan sarkin Faransa suka tashi gina ganuwar waje, sai suka haƙe gangaren da ke tsakani don su baje shi. Haƙar ta tone harsashin ginin Rumawa, har wasu hasumiyoyin suka karkata. Dole suka cusa sabon gini a ƙarƙashin tsohon don ya tallafe shi. Ga shi kuwa dutsen da ke ƙasa ya bi na sama a baya da shekara kusan 900. Mutum zai iya wuce wurin sau goma bai lura ba.

Daga nan sai dabarun tsaro. Babbar ƙofar gabas, ƙofar Narbon, an gina ta wajen 1280, da hasumiya biyu da ƙyaurukan da ake saukowa da su daga sama. A saman bango akwai jerin ramuka masu kusurwa huɗu: nan ake zura katako a kafa rumfa idan yaƙi ya zo, masu tsaro su riƙa jefo duwatsu kan duk wanda ya matso gindin ganuwa. Wanda ya taɓa zaga badalar Kano zai gane tunanin, kuma zamanin bai yi nisa ba, don Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, a ƙarni na 12 ɗin ne kuma gidan sarautar Trencavel suka gina fadar Karkason.

Ganuwar ba ta cece su ba. A 1209 Fafaroma ya tura rundunar yaƙi kan Katar, wata ƙungiyar Kirista da cocin Rum ta ɗauka a matsayin 'yan bidi'a. A watan Yuli rundunar ta karkashe mutanen garin Béziers, a farkon Agusta ta yi wa Karkason ƙawanya, ta tare hanyar kogi. Ƙishirwa ce ta ci birnin cikin mako biyu. Aka kama mai mulkin birnin, Raymond-Roger Trencavel, ya mutu a kurkuku kafin shekarar ta ƙare, aka kori mazauna birnin hannu rabbana, aka ba Simon de Montfort, ɗaya daga cikin jagororin rundunar, ƙasar.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe: Musulmi sun mulki wannan gari. Anbasa, gwamnan Andalus, ya ci shi a 725, ya zauna a hannunsu har wajen 759. A bakin ƙofar Narbon za ka ga mutum-mutumin wata mata, Karkas, wadda aka ce matar sarkin Musulmi ce. Wai Sarki Shalman ya tsare garin shekara da shekaru, sai ta ciyar da alade da sauran alkamar da ta rage, ta jefo shi ta kan ganuwa, maharan suka ɗauka abinci ya yi yawa a ciki, suka janye. Tatsuniya ce. Shalman bai hau mulki ba sai 768, bayan Musulmi sun bar wurin. A ganina nan ake gane jagoran kirki: zai ba ka labarin don daɗinsa, sannan ya gaya maka ba haka aka yi ba.

Tsohuwar cocin birnin, Saint-Nazaire, ita ma gini biyu ne a jiki ɗaya. Zauren da ake fara shiga tsoho ne, mai kaurin bango da ƙarancin haske. Fafaroma Urban na II ya sa wa duwatsun aikin albarka a 1096. Gaba kuwa, inda aka sake gini daga 1269, bango ya yi siriri, rufi ya yi sama, manyan tagogin gilashi masu launi suka cika wurin da haske. Hotunan jikinsu labaran addini ne da aka zana wa jama'ar da akasarinsu ba su iya karatu ba. Har yau wurin ibada ne, don haka a rage murya, maza su cire hula.

Wani abin da jagora mai gaskiya ba zai ɓoye ba shi ne yawancin rufin da ke burge baƙi sabo ne. Bayan yarjejeniyar da Faransa ta yi da Sifaniya a 1659, iyakar ƙasashen biyu ta matsa kudu, birnin ya rasa amfaninsa na soja, ya lalace, talakawa suka kafa gidaje a tsakanin ganuwar biyu. A tsakiyar ƙarni na 19 har an yi shirin rushe shi, wasu masu kishin tarihi suka tashi tsaye suka hana. Magini Viollet-le-Duc ya jagoranci gyara daga 1853 har ya mutu a 1879. Ya ceci birnin, wannan ba musu. Amma ya ɗora wa hasumiyoyi rufi mai tsini na baƙin dutse irin na arewacin Faransa, alhali jan rufin kasko aka sani a kudu, an kuma rushe gidajen talakawan nan. Masana na ta jayayya a kan aikinsa har gobe.

Idan Allah ya kai ka, ka nemi jagora mai katin shaida, ku yi jinga tun kafin ranar, ka faɗa masa abin da ka fi so ka gani da lokutan da za ka tsaya salla. Yuli da Agusta cunkoso ne; safiyar Mayu ko Oktoba ta fi. In an zo cin abinci ka tambaye shi, domin kasule, dafaffen waken da garin ya yi suna da shi, yawanci da naman alade ake haɗa shi.