Ɗalibin Jami'a Da Rubutu A Kundin Wikipedia

Wikipedia wani kundin ilmi ne na intanet wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a Amurka cikin shekarar 2001. Abin da ya bambanta shi da sauran kundaye shi ne, kowa yana da ikon ya rubuta ko ya gyara, kuma ba a biyan marubuci ko anini. Yana da sassa cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa.

Ɗalibin da ya mai da wannan aiki abin sha'awarsa, wajibi ne ya kiyaye ƙa'idoji uku. Ta farko, kada ya nuna son kai. Ta biyu, kome ya faɗa ya kawo madogara bugaggiya. Ta uku, kada ya cusa binciken kansa.

To, a nan gizo ke saƙar. Tarihin garuruwan Hausa da na makaɗa da yawa yana bakin dattawa ne, bai shiga takarda ba. Ke nan hirar ɗalibi da dattijo ba ta da shiga kundin sai an buga ta. Saboda haka, kamata ya yi manazarta su himmatu wajen buga sakamakon hirarrakinsu a mujallu, domin kundin ya sami abin dogara.