Tallafin Ƙasashen Waje ga Marayu da Rigakafin Ƙanjamau: Halaccin Karɓa da Nauyin da Ke Kan Al'umma

A shekarar 2003 shugaban Amurka George W. Bush ya ƙaddamar da shirin PEPFAR domin yaƙi da cutar ƙanjamau, aka ware masa dala biliyan 15 na shekara biyar, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe 15 da aka fara mai da hankali a kansu. Dokar shirin ta tanadi cewa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin a kashe su kan marayu da yara masu rauni. Shekara guda kafin nan an kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a Janiba. Daga waɗannan kafofi biyu ne mafi yawan kuɗin magani da gwaji da kula da marayun wannan cuta ke shigowa Nijeriya, ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar cutar a cikinta sun kai miliyan 1.9.

Wane ne maraya?

A wajen malaman fiƙihu, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, kuma maraici yana ƙarewa da balaga. Hukumomin agaji kuwa suna kiran duk wanda bai kai shekara 18 ba, ya rasa uwa ko uba ko duka biyun, da sunan maraya. Sai suka ƙara da yaro mai rauni, wato wanda iyayensa na raye amma jinya ko talauci ya hana su riƙe shi. Wannan faɗaɗawa ba ta saɓa wa Shari'a ba, domin yaron da bai shiga sunan maraya ba ya shiga sunan faƙiri ko miskini. Ko maraya ma ba a ambace shi cikin sinfofi takwas na zakka a Suratut Tauba ba. Talaucinsa ne ke ba shi haƙƙi a cikinta.

Hukuncin karɓa

Asalin karɓar kyauta daga wanda ba Musulmi ba halacci ne. Ya tabbata Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, kuma Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan wannan mas'ala. Abin da malamai ke dubawa shi ne sharaɗin da ke tare da kyautar. Idan ya taɓa aƙidar yaro, ko ya tilasta koyar da abin da Shari'a ta haramta, sai a ƙi sharaɗin. Maganin da ke kare rai kuwa yana ƙarƙashin kiyaye rai da kiyaye zuriya, biyu daga cikin lalurori biyar na Shari'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ba ta sami magani ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jarirai kan kamu. Idan ta samu, adadin kan sauka ƙasa da kashi 5. Don haka babbar hanyar rage marayu ita ce raya iyayensu.

Darasin 2025

A ranar 20 ga Janairu 2025 shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, daga bisani aka rushe hukumar USAID, wadda ta hannunta yawancin ayyukan marayu ke gudana. An sassauta wa maganin ceton rai, amma ayyukan rigakafi da na ziyarar gidaje da kuɗin makaranta da yawa sun tsaya. Hakan ya fito da gaskiyar Hausawa cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da bazar wani ba ya zaɓar lokacin da rawarsa za ta tsaya.

A mazhabar Malikiyya ciyarwa ta dangantaka tana wajaba ne tsakanin iyaye da 'ya'ya kawai. Ba a tilasta wa baffa ko kaka. Saboda haka maraya marar dukiya nauyinsa na kan baitulmali, idan ya gaza sai ya koma kan jama'ar Musulmi a matsayin farilla ta kifaya. Kuɗin waje yana iya toshe buƙatar na wani lokaci, sai dai wajibcin yana nan a wuyan al'umma, kuma ranar da kuɗin ya yanke laifin yana hawa kan duk mai iko.

Abin da ke hannun Musulmi

Kayan aikin suna nan. Jihohin Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma waƙafi ya fi dacewa da maganin da ake sha tsawon rai, domin asalinsa yana tsaye, amfaninsa na gudana. A Uganda, Ƙungiyar Likitoci Musulmi ta fara horar da limamai kan wayar da kai game da cutar tun 1992, abin da ya nuna mumbari na iya ɗaukar aikin rigakafi. Haka nan wajibi ne malamai su yaƙi ƙyamar masu cutar, domin jaririn da aka haifa da ita da matar da ta ɗauka daga mijinta ba su aikata laifin komai ba, kuma tsoron gori ne ke hana mutane gwaji.

A karɓi tallafin matuƙar sharaɗinsa bai saɓa wa addini ba, amma a lissafa shi a matsayin ƙari kan abin da al'umma ta riga ta tanada wa marayunta. Allah ne mafi sani.