An ce an ƙara wa motarka ƙarfi: da me aka auna?

Motocin da ke ɗauke da nauyin ƙasar Arewa ba na tsere ba ne. Hilux ce da Land Cruiser da tsofaffin kamiyo, masu tashi daga tashar Dogon Dutsi su bi ta Matankari su nausa arewa zuwa Dogon Kiriya, ko su yi kudu wajen Kore Mai Ruwa da Tibiri, buhunan wake da gero a baya, mutane a kan buhunan. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo a shekarun nan suna da turbo, kuma tun da turbo ta yawaita wata sana'a ta biyo bayanta, wato ƙara wa inji ƙarfi. Wannan ya murɗa sukurun famfon gazuwal, wancan ya zo da kwamfuta ya ce zai sake wa motar lissafi, wani kuma ya sayar maka da ɗan akwati mai wayoyi da aka sayo daga waje. Kowa da adadin da zai faɗa maka, doki 20 ko doki 40. In ka nuna shakka sai a ce, "Haba Alhaji, ai ka ji yadda take kuka yanzu." Kuɗi kuwa an riga an karɓa, kuma ba wanda ya auna motar kafin a taɓa ta.

Aikin turbo irin na zugazugin maƙera ne: hura wa wuta iska domin ta ci da kyau. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma tana kan sanda ɗaya da wata fankar mai tura iska cikin inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Fankar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti guda. In iska ta ƙaru a cikin inji, ana iya ƙara masa mai ya ƙone, daga nan ƙarfin ke zuwa. Sai dai iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, har takan wuce digiri 100, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na daban ta huce kafin ta shiga. A riƙe wannan magana ta zafi, domin a ƙasarmu ita ce kan gaba.

Adadi biyu ake auna inji da su. Na farko doki, wanda ya samo asali daga lissafin injiniya James Watt. Dokin da Faransawa da Jamusawa ke aiki da shi wat 735 ne da ƴan kai, na Ingila da Amurka kuma wat 746. Na biyu ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da haruffan Nm. Shi ne ke fitar da mota daga rairayi da lodi a bayanta lokacin da inji bai yi sama da juyi ba. Doki yana nuna kansa ne in an sake wa mota a kan kwalta. Direban da ke ratsa yashin Dallol Mauri ya fi buƙatar na biyun, amma masu talla na farkon suke kira, domin shi ya fi daɗi a kunne. Shi kuwa adadin dawakin da ke rubuce a kart giris, 10 ko 12, na lissafin haraji ne, ba ya gaya maka ƙarfin injinka.

Kamfanin Toyota da kansa ya ba mu misalin abin da ake nufi da ƙari na gaskiya. Injin 1HZ, wanda ke cikin Land Cruiser ɗin da ake kira kat-kat tun wajen 1990, lita 4.2 ne, ba shi da turbo, yana ba da doki kusan 130 da Nm 285. Ɗan'uwansa 1HD-T girmansu ɗaya, amma da turbo, yana ba da doki kusan 165 da Nm 360. Doki 35 ke nan tsakani. Amma kafin kamfanin ya samu wannan, sai da ya sake fistin, ya sake yadda mai ke shiga, ya rage matsin cikin inji daga wajen 22 zuwa ƙasa da 19. Haka ma 2KD na Hilux mai lita 2.5: akwai mai doki 102, akwai mai doki 144, kuma na biyun da irin turbonsa na daban ya zo. To in wani ya ce da sukurdireba da rabin awa ya samo maka abin da kamfani ya sake rabin inji kafin ya samu, kana da damar ka ce a nuna maka.

Jikin mutum ba ya iya wannan awo. In aka cire tukunyar salansa mota ta yi ƙara, direba zai rantse ta ƙara gudu. Akwai ƴan na'urorin da ake maƙala wa totur, ba abin da suke yi sai su sa ɗan taku kaɗan ya zama kamar an taka da yawa. Motar za ta riƙa zabura, amma in an take totur har ƙasa, ƙarfin da ke nan da can shi ke nan. Akwai kuma gyaran da ke sa mota ta yi sanyi a ƙasa sannan ta fizga gaba ɗaya in turbo ta kama, fizgar nan sai ta yi kama da ƙarfi alhali an rasa abin da ake buƙata a cikin yashi. Ga kuma zuciya: wanda ya biya kuɗi yana son ya ji bambanci, kuma zai ji.

Awo na sosai a kan na'urar dinamomita ake yinsa. Ana ɗora ƙafafun mota a kan manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure ta, a sa giya guda, a take totur daga ƙasan juyi har sama, na'urar ta zana ƙarfin da aka samu a kowane mataki. Abu biyu ya kamata mai mota ya sani game da takardar da za a miƙa masa. Adadin kamfani a bakin inji aka auna shi, na dinamomita kuwa a ƙafa, bayan giya da aksul da tayoyi sun ci rabonsu. Makanikai kan ƙiyasta wannan rabo da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a ƙaramar mota, ya kai 20 ko fiye a kat-kat. Mai wayo yana iya nuna maka adadin ƙafa a matsayin na kafin gyara, ya nuna na inji a matsayin na bayan gyara, sai ga doki 20 sun fito daga takarda kawai. Sannan na'ura biyu ba sa ba da adadi ɗaya, don haka awon farko da na biyu dole su zama a kan na'ura guda, a giya guda, in da hali a rana guda. Kuma kada ido ya tsaya a kan ƙololuwar zanen. A duba abin da ya faru tsakanin juyi 1,500 da 2,500, inda motar gazuwal ke yin yawancin aikinta.

Yanayi ma yana da hannu. Ƙa'idar SAE ta Amurka tana mayar da kowane awo kamar a digiri 25 aka yi shi, ta DIN ta Jamus kuma a digiri 20. Dalili shi ne iska mai zafi ba ta da nauyi. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 43, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Turbo tana cike wani ɓangare na giɓin, amma da ƙarin wahala, kuma motocin zamani in sun ji iska ta yi zafi da kansu suke rage mai. Wanda ya gwada motarsa da rana tsaka kafin gyara, ya sake gwadawa da asuba bayan gyara, sanyin gari ya auna.

Dinamomita kayan manyan birane ne, mai tsada, ba a samun ta a bakin tasha. Amma direban Arewa yana da hanya da agogo, kuma sun isa su nuna ko an ƙaru. A nemi miƙaƙƙen wuri a kan kwaltar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, nesa da ƙauye da kasuwa da mashigar dabbobi. A sa alama inda za a fara. Mutum biyu a mota, direba idonsa a hanya, na gefe shi ke riƙe da waya. Wayar da ke nuna gudu ta tauraron ɗan'adam ta fi agogon mota gaskiya, musamman in an sa tayoyin da suka fi na asali girma. A sa giya ta uku, a daidaita a kilomita 40, a take totur har ƙasa, a ƙirga sakan nawa aka yi kafin a kai 80, ba tare da an sake giya ba. A yi sau uku ana fuskantar gabas, sau uku ana fuskantar yamma, domin iska da gangaren da ido bai gani ba su kashe juna, sannan a fitar da matsakaici a rubuta a littafi tare da kwanan wata da lokaci. Ba tsere ake yi ba, kuma babu dalilin wuce 80. In aka hango jaki ko amalanke, a ɗaga ƙafa a sake daga farko.

Dukan wannan kafin makanike ya taɓa motar ake yinsa. Bayan gyara a koma wurin nan, a lokacin nan, da mutanen nan, da iskar taya iri ɗaya, da mai daidai na ranar farko a tanki, kuma daga gidan mai guda. Man matatar SORAZ ta Damagaram da ake sha a famfo da wanda ake saye a kwalba ko jarka a bakin hanya ba lallai su ba da sakamako ɗaya ba.

A ce motar da mutanenta kilo 2,000 ce. In ta yi sakan 8 daga 40 zuwa 80, ƙarfin da ya tafi wajen ƙara mata gudu ya kai doki 63 a matsakaici. In bayan gyara ta yi sakan 7, ya zama doki 72. An samu doki 9 ke nan, kuma ƙari ne na gaske da za a ji a kan tudu. Amma a lura da saurin lalacewar lissafin: buhu biyu masu kilo 100 kowanne suna ƙara wa wannan mota kashi 10 cikin 100 na nauyinta, su kusa cinye sakan ɗin da aka samu. In bambancin da aka gani bai fi wanda ke tsakanin gwaje-gwajen ranar farko su kansu ba, to ba a tabbatar da komai ba.

Ko agogo ya nuna an ƙaru, saura a san abin da aka biya. Ƙara wa injin gazuwal mai abu ne mai sauƙi. Samun iskar da za ta ƙone shi ne aiki. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi gazuwal ne da aka saya bai ƙone ba, kuma alama ce cewa cikin inji yana dahuwa. Fistin da sanholo ake yinsa, sanholo kuwa yana narkewa a digiri 660. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin mai da ruwa suna kwashe zafin, amma in hayaƙin da ke fita ya daɗe sama da digiri 700, kamar yadda yake faruwa in ana jan lodi cikin rairayi a giya ta biyu a watan Mayu, fistin kan tsage ko kan inji ya fashe. Agogon zafin da ke gaban direba ruwa yake aunawa, ba ya faɗa da wuri. Duk wanda ya ƙara wa motarsa mai, musamman masu ɗaura wa 1HZ turbon da ba a yi shi da ita ba, ya kamata ya sa agogon zafin hayaƙi da na matsin turbo. A ganina wanda ba zai iya sayen waɗannan biyun ba, gara ya bar famfonsa yadda yake, domin inji in ya mutu a dajin Dogon Kiriya ba mai motar kaɗai ke kwana a hanya ba. Kuloci ma yana da iyakarsa: in juyin inji yana hawa gudu bai ƙaru ba, ya fara sulɓewa.

Motoci da yawa da ake kai wa masu ƙarin ƙarfi, nasu na asali ne ya zube. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin ƴan kwanaki. Robar da ke kai iska daga turbo tana tsagewa, ana jin fito in an taka, ana ganin jiƙar mai a wurin. Lagireton iska yana cikewa da laka da ƙaiƙayi. Matatar gazuwal tana shan datti da ruwa, nozul suna tsufa, birki yana kamawa. In aka gyara waɗannan aka koma kan hanya da agogo, sau da yawa sakan ɗin da ake nema ya dawo ba tare da an ƙara wa inji zafi ba. Wannan adadin na bayan gyaran lafiya shi ne za a kwatanta duk wani ƙari da shi, in ba haka ba za a biya kuɗin kwamfuta a kan aikin da sabuwar matata ta yi.

Cin mai ma ana aunawa: a cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a yi zirga-zirgar da aka saba, a sake cikawa, a raba. Allon gaban mota ba abin dogaro ba ne in an sa akwatin nan mai wayoyi, tunda aikinsa shi ne ya gaya wa kwamfutar mota cewa matsin mai bai kai yadda yake ba, ita kuma ta ƙara. In makanike zai murɗa sukurun famfo, ya sa masa alama da fenti ya faɗi juyi nawa ya yi. In kuwa lissafin kwamfuta zai sake, a ce masa, "Malam, ka adana mini na asali tukuna," a kuma karɓi kwafinsa a hannu kafin a bar garejin.